Tarihin Marigayi Alhaji Mamman Shata, Mawaƙin Kaka Da Rani (1923-1999)

A filinmu na tarihin mazan jiya, yau mun kawo muku labarin wani mutum wanda ba a ƙasarmu aka haife shi ba, amma da wuya a sami gidan Bahaushe a Nijar da muryarsa ba ta taɓa shiga ba. Tun daga kasuwar Dole ta birnin Damagaram har ƙauyukan Guna, Mirya da Magarya, dattawan yau sun tashi suna jin kalangunsa a radiyo, a tashar mota da rumfunan masu shayi. Wannan mutum shi ne Alhaji Mamman Shata Katsina. Abin da ya bambanta shi da manyan mawaƙan zamaninsa shi ne ya yi fiye da shekara 50 yana waƙa ba tare da ya zama makaɗin fadar wani sarki ba. Wanda kuwa ba shi da ubangida guda mai ciyar da shi, tilas ya san inda abincinsa zai fito a kowane wata na shekara. Saboda haka tarihin Shata yana nuna mana yadda mawaƙi mai zaman kansa yake bin damina da kaka da rani, kamar yadda makiyayi yake bin ciyawa.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Muhammadu, wanda duniya ta sani da Mamman Shata, a garin Musawa cikin ƙasar Katsina a shekarar 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuma Lariya, Bafillatana. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, kuma wannan babbar magana ce a wancan zamani, domin a ƙasar Hausa sana'a gado ce: ɗan maƙeri ya kama zuga-zugi, ɗan mahauci ya kama wuƙa, ɗan makaɗi ya rataya ganga. Mutane suna ɗaukar waƙa a matsayin roƙo, shi ya sa mahaifinsa bai so ya shige ta ba. An sa yaron makarantar allo kamar sauran tsaransa, ya tashi cikin aikin gona, daga baya ya shiga tallar goro.

A wurin wannan talla ne ya sami laƙabinsa. An ce idan ya sayar da goron sai ya rabar da ribar ga mutanen da ya gamu da su, ya komo gida hannu wofi. Ganin haka wani dattijo daga cikin danginsu ya riƙa kiransa mai shata, wato mai watsar da abin hannunsa, sunan kuwa ya bi shi har kabari. Wannan hali na sakin hannu bai rabu da shi ba ko da ya yi arziki.

Waƙa kuma a dandali ya fara ta. Da dare, bayan an ci tuwo, musamman idan an kawar da amfanin gona kuma farin wata ya fito, samari da 'yanmata sukan taru su yi kiɗa da rawa. Shata ya shiga cikinsu don nishaɗi, ba da nufin samun ko anini ba. Sannu a hankali aka lura cewa ya fi tsaransa murya da saurin haɗa magana, ƙauyukan kewaye suka fara aiko masa da goron gayyata. Daga nan ya ajiye talla, ya rungumi waƙa.

Shekarar makaɗi

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya tuna yadda makaɗan ƙasar Hausa suka kasu. Akwai makaɗan fada, irin su Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, da Sarkin Taushin Katsina, da namu Ma'azu Ɗan Alalo na fadar Damagaram. Su waɗannan ci da sha da sutura da doki duk suna wuyan sarki, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Su kuma wajibinsu su wasa sarkin da kakanninsa, kada su kai kiɗansu inda bai yarda ba. Akwai kuma makaɗan sana'a, masu yi wa manoma, mahauta, maƙera, mafarauta da 'yan dambe. Sannan akwai makaɗan jama'a, waɗanda kowa nasu ne. A cikin wannan rukuni na ƙarshe Shata ya tsaya, kuma kayan kiɗan da ya zaɓa, wato kalangu, tun asali na talakawa ne: da shi ake yi wa mahauta kiɗa, da shi ake zuga 'yan dambe, da shi 'yanmata suke rawa.

Makaɗin jama'a yana aiki da lissafi iri biyu. Na farko lissafin ruwan sama. Da damina kowa yana gona, rumbu ya yi ƙasa, kuɗi ya yi wuya, ba a cika yin biki ba. Kiɗan da ake ji a lokacin shi ne gangar noma a wurin gayya, inda makaɗi yake bin bayan samari yana zuga su a kan kuyya. Idan kaka ta yi, an yanke gero da dawa, an cire gyaɗa, an tsinke auduga, sai gari ya buɗe: aure, kalankuwa, dambe, kokawa, naɗin sarauta, duk a wannan tsakani ake yinsu har cikin rani. Da bazara kuwa, zafi ya tsananta, aljihu ya fara bushewa, sai kowa ya koma sharar gona.

Na biyu lissafin wata. Cikin azumi galibin makaɗa sukan jingine ganguna, a bar wa yara fili su yi tashe. Da an ga watan Sallah sai kiɗa ya dawo da ƙarfinsa, haka kuma a Babbar Sallah, da lokacin rakiyar alhazai da taryarsu. Da yake shekarar wata tana gaza ta rana da kwana 11, Sallah tana zagayawa: wata shekara ta faɗo cikin kaka, mutane na da abin kyauta, wata shekara kuma ta faɗo tsakiyar damina, a yi ta da ƙyar. Makaɗin da ba shi da fada dole ya iya haɗa waɗannan lissafi biyu, ya tara a watannin yalwa abin da zai ci shi da yaransa a watannin ƙunci.

Bakori, garin auduga

Matakin farko da ya fitar da Shata daga ƙauye ya zo ne ta hanyar kasuwar kaka. Wani ɗan sarautar Musawa mai suna Abdullahi Inde, wanda yake aikin sayen auduga da gyaɗa a ƙarƙashin hukumar En'e, shi ya jawo shi zuwa Bakori, a kudancin ƙasar Katsina. Wannan yanki ƙasar auduga ce. Tun ƙarshen shekarun 1920 hanyar jirgin ƙasa ta tashi daga Zariya ta ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, kuma an kafa injin gurzar auduga a Funtuwa. A Kano kuwa, inda jirgi ya iso tun 1911, buhunan gyaɗa ne ake jerawa har su zama dala.

Mu mutanen Damagaram da Maraɗi ba sai an yi mana dogon bayani ba, domin mun san abin da buɗe kasuwar gyaɗa yake nufi a Magarya da Matamaye, tun zamanin kamfanonin Turawa har zuwa kafa SONARA a 1962. Ranar da aka kafa sikeli, a ranar kuɗi yake shiga hannun manomi, da ɗan kamasho, da mai mota, da mai tuwo. A cikin 'yan makonni ake biyan bashi, a sayi shanu, a kai sadaki. Mawaƙin da yake zaune kusa da sikeli ya zauna kusa da rijiya. A Bakori Shata ya yi aurensa na fari, ya haɗa ƙungiyarsa ta makaɗa da 'yan amshi, ya fara fita rangadi zuwa Katsina da Kano da garuruwan da ke tsakani.

A shekarar 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi babban bikin nan da ake kira bikin 'yan sarki, inda aka aurar da 'ya'yan gidan sarauta da dama a lokaci guda. Makaɗa sun taru daga ko'ina, amma baƙon nan na ƙasar Katsina shi ya tafi da hankalin birni. Daga wannan biki sunansa ya wuce iyakar lardi. Daga baya ya koma Funtuwa da zama, ya yi kusan shekara 40 a can, ko da yake Kano ta zama masa gida na biyu.

Yadda yake ƙaga waƙa

Mawaƙin fada yana da lokaci. Yakan zauna da mataimakansa su tsara waƙa, su gyara, su maimaita kafin ranar hawa. Mai bin bukukuwa ba shi da wannan sarari, gama yau yana wannan gari, gobe yana wancan, kuma kowane mai biki yana son a ambaci sunansa da na iyayensa da abokansa. Dabarar Shata ta dace da wannan hali. Yakan ba 'yan amshi ɗan gajeren amshi guda, su riƙe shi ba canji, kalangai su kama, shi kuma ya riƙa ɗora baituka a kai nan take, gwargwadon abin da idonsa ya gani da abin da sanƙira ya sanar da shi. Ba ya rubutawa, ba ya zaman gwaji. Shi ya sa waƙa ɗaya takan fito da fuska dabam-dabam a wurare dabam-dabam, kuma shahararriyar waƙarsa ta kirarin kai, Bakandamiya, ya yi ta ƙara mata baituka shekara da shekaru.

Harshensa mai sauƙi ne, irin na kasuwa da tasha, wanda Bakatsine da Badamagare da Ba'adare za su fahimta ba tare da tafinta ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, amma ya yi wa manoma, 'yan kasuwa, direbobi, malaman asibiti, mata masu sana'a, har da dabbobi da tsuntsaye. Ya yi waƙoƙin kira ga noma da neman na kai. Lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojoji waƙa. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, mutanen ƙauye da yawa kuwa a bakinsa suka riƙe sunan wannan kumbo. Duk abin da jama'a suke magana a kai a wannan mako, shi ne abin waƙarsa a wannan mako. Shi kansa bai san adadin waƙoƙin da ya yi ba.

Faifai, radiyo da kaset

A zamanin kakanninmu waƙa tana mutuwa ne a inda aka yi ta, sai abin da kunne ya riƙe. Shata ya zo daidai lokacin da na'ura ta fara kama murya. Da fari faifan garmaho ne, wanda sai mai hali yake da shi. Sai radiyo ta biyo baya: gidan radiyon Nijar ya fara aiki a 1958, wanda aka sa wa suna Muryar Sahel a 1974, gidan radiyon Kaduna kuma ya buɗe a 1962, kuma ana kama shi sarai a ƙasarmu. Da ƙananan akwatuna masu batir suka yawaita, sai manomi ya rataya radiyonsa a reshen gawo yana noma yana sauraro. Waƙar da aka yi a bikin kaka a Funtuwa ta zama abin ji da damina a gonakin Guna. A shekarun 1970 kaset ya shigo, ya kai ta inda ko radiyo ba ta kai ba.

Shata ya yi hulɗa da kamfanonin faifai, cikinsu har da EMI, amma arzikinsa bai dogara da su ba. Kaset abu ne mai sauƙin kwafa: mai shago ya sayi ɗaya ya buga ɗari, mawaƙi bai ga ko dala ba. Amfanin da na'ura ta yi masa shi ne ta kai sunansa gaba, sunan ya jawo gayyata, a filin wasa kuma ake yi masa kyautar kuɗi, riguna, dawaki da motoci. Ta haka ya zagaya ƙasashen Afirka ta Yamma inda Hausawa suke zaune, ya sauke farali a Makka, ya kai kalangu har Ingila da Amurka.

Da gyaɗa ta faɗi

Shekarun 1970 sun sauya lissafin da Shata ya tashi a kai. Farin 1973 da 1974 ya ƙone gonaki da dabbobi a Nijar da arewacin Najeriya, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 kuma ta ƙarasa abin da ya rage. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. Idan rumbu ya zama wofi, biki ne farkon abin da ake ɗagawa, makaɗin ƙauye kuma shi ne farkon wanda yake jin yunwa. Da yawa sun ajiye ganga sun tafi cin rani. A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur ya shigo Najeriya, ya haifar da sababbin masu kyauta: 'yan kwangila, manyan 'yan kasuwa, masu motocin sufuri, hafsoshin soja da ma'aikata masu albashi. Su waɗannan kakarsu ƙarshen wata ce, ko ranar da aka biya kuɗin kwangila.

Shata ya gane wannan sauyi da wuri. Ya riƙa wasa a otal-otal da gidajen shaƙatawa na birane da wuraren taron gwamnati, inda ba a jiran girbi. Da yake tun farko bai ɗaure kansa ga gida ɗaya ba, bai sha wahalar juyawa ba. Duk da haka bai saki tsohuwar hanya ba: Sallah da bukukuwan rani sun ci gaba da zama manyan ranakun aikinsa har tsufansa.

Abin da zaman kai ya jawo masa

Zaman kai yana da daɗi, yana kuma da tsada. Makaɗin fada idan ya yi laifi sarki ne garkuwarsa; Shata ba shi da garkuwa sai bakinsa. An san shi da zambo da habaici masu zafi, har manyan mutane suna shakkar su saɓa masa. Malamai da dama sun zarge shi saboda wuraren da yake wasa da waƙoƙin da ya yi a kan shaye-shaye, wasu kuma sun ce yabon masu kuɗi ya yi yawa a bakinsa. Masu kare shi suna cewa ya wasa talaka kamar yadda ya wasa basarake, kuma abin da ya samu a hannun masu shi ya rabar da shi ga marasa shi. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma mai rubuta tarihi ba ya ɓoye ɗaya don ya ƙawata ɗaya.

Ya taɓa siyasa kuma. A shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, wadda Musawa take ƙarƙashinta a lokacin. A zamanin jam'iyyu biyu na mulkin Janar Babangida ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP a Funtuwa, amma bai daɗe a kan kujerar ba, domin mutumin da ya saba faɗin abin da ya ga dama a gaban sarakuna ba ya jure wa linzamin jam'iyya.

Girmamawa da rasuwa

Sana'ar da mahaifinsa ya guje masa ita ta kai shi inda ba a zata ba. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na dakta a Jami'ar Indiyana ta Amurka da nazari a kan Shata da matsayin mawaƙi a cikin al'ummar Hausa. Gwamnatin Najeriya ta ba shi lambar girma ta MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta, shi da bai taɓa zama a ajin boko ba. Bayan rasuwarsa, a 2006, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da babban littafin tarihinsa.

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da rashin lafiya, aka yi jinyarsa a Kano da Jidda. Allah ya yi masa rasuwa a Kano ranar Juma'a 18 ga watan Yuni 1999, yana da shekara 76, a farkon damina, lokacin da manoma suke duƙe a gona kuma kalangai suke rataye. An kai shi Daura aka rufe, garin amininsa Sarki Muhammadu Bashar. Matafiyin da ya tashi daga Damagaram ya bi ta Kance da Matamaye ya ƙetare iyaka zuwa Kano, ta garin da yake kwance yake wucewa.

Shata ya bar waƙoƙi masu ɗimbin yawa, amma abin da aka ɗauka a faifai da kaset bai kai abin da iska ta tafi da shi a dandali da filayen biki ba. Shi ke nan mutumin da ya sami radiyo da jami'a da marubuta. To, ina ga makaɗan noma, da na kokawa, da na kalankuwa na ƙauyukanmu, waɗanda suka yi irin rayuwarsa ba tare da sun sami irin sunansa ba? Ƙasarmu ta kyauta da ta sa sunan Ɗan Gurmu na Tawa a kan gasar mawaƙa, amma aikin bai ƙare a nan ba. Akwai tsofaffin kaset a cikin adakar gidaje da yawa, zafi da ƙura suna cinsu, akwai kuma dattawan da suka yi amshi a bayan manyan makaɗa, waɗanda har yanzu suna riƙe da baitukan a ka. Muna kira ga malaman makaranta, da ma'aikatan gidajen radiyo, da samarin da suke riƙe da wayar da ke ɗaukar murya, su nemi waɗannan dattawa a kakar bana, su ɗauka, su rubuta sunan mai waƙa da garinsa da lokacin da ake yinta.

Allah ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba mu damina mai albarka. Amin.